Bayan ritayar Windows 10: Yadda ma'aikaci zai zaɓi Linux ya ɗora wa tsohuwar kwamfutarsa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ta shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi da na gidaje. Babu abin da ya fashe a ranar. Kwamfutoci sun tashi kamar yadda suka saba, takardu suna nan inda aka bar su. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaron da kamfanin ke aikowa duk wata domin toshe ɓarakar da masu kutse ke ganowa. Gidan yana nan da kayansa, sai dai an sallami maigadi.

Hanyar da kamfanin ya shata ita ce a koma Windows 11, amma ita wannan tana da sharuɗɗa. Dole kwamfuta ta kasance tana da wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, ta kasance daga jeri na takwas zuwa sama, wato waɗanda aka fara fitarwa a 2017. Da yawa daga kwamfutocin gwanjon da ma'aikata suka saya a Banex da ke Abuja ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja ba su kai nan ba. Akwai ɗan sassauci: ƙarin facin tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft bisa sharuɗɗan kamfanin. Wannan jinkiri ne kawai, ranar tana nan tafe.

Wannan al'amari ya same ni ne ta wajen yayana, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka tsohuwa ce, mai ƙwaƙwalwa jeri na shida da RAM 4GB, amma lafiyarta ƙalau in ban da batirin da ya gaji. A kanta yake rubuta wasiƙu da rahotanni idan ya dawo gida, a kanta yake shiga asusunsa na banki da na fansho. Wani mai gyara ya ba shi zaɓi biyu: ko ya sayi sabuwa, ko a ɗora masa Windows 11 ta bayan fage. Sayen sabuwa ba ƙaramin abu ba ne tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga kusan 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ta bayan fagen kuwa, kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan kwamfutoci faci ba. Idan kuma kwafin na sata ne, wanda aka fasa da wata manhajar da ba a san mai ita ba, to mutum ya miƙa makullin gidansa ga baƙo da hannunsa.

Na ce wa Yaya akwai hanya ta uku, na kama hanyar Keffi da Akwanga da filash a aljihu.

Mece ce Linux, kuma wa ke da ita?

Babbar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. Windows ɗaya ce daga cikinsu, akwai kuma wani dangi da ya girme ta. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU domin samar da kwatankwacin Unix wanda kowa zai iya amfani da shi, ya duba yadda aka gina shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta rage a kammala, aka sa mata suna Linux. Lasisin da take ƙarƙashinsa ya halatta kwafa da rabawa. Wanda ya ɗora ta a kwamfuta ɗari bai ci haƙƙin kowa ba.

Mai karatu ma yana amfani da ita ko da bai sani ba, domin zuciyar Linux ce ke cikin kowace wayar Android. Tun daga Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne yawan sunaye: Ubuntu, Debian, Fedora, Linux Mint, Arch da sauransu barkatai. Mutumin Lafiya, garin injinan casar shinkafa, ba zai sha wahalar fahimta ba. Shinkafar ɗaya ce, amma wani gida dafa-duka zai yi, wani tuwo, wani kuma ya miƙo maka ɗanya ya ce ka dafa da kanka. Arch irin wannan na ƙarshen ne, na masu sha'awar harhaɗa komai da hannunsu. Fedora na fitar da sabon zubi duk bayan wata shida, kowanne kuma ba ya wuce kusan shekara ɗaya da wata guda ana kula da shi, wanda ke nufin yawan saukewa da yawan kashe data. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, dattijuwa ce mai natsuwa, kuma a kanta aka gina Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da ita a 2004. A kan Ubuntu kuma aka gina Linux Mint.

Akwai wani reshen dangin da bai biyo ta Linux ba, wato BSD, wanda ya samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. FreeBSD, wadda ta fito a 1993, ita ce Netflix ke amfani da ita a na'urorinsa na rarraba finafinai, kuma daga OpenBSD aka samu OpenSSH da ake kula da manyan kwamfutoci daga nesa da ita. Ingancinsu ba abin musu ba ne. Amma ban ba ma'aikacin da ke son ya rubuta takarda ya buga ta kafin ƙarfe takwas na safe shawarar ya fara da su ba, domin sun fi yawan gardama da Wi-Fi da sauran kayan kwamfutar tafi-da-gidanka.

Na zaɓar wa Yaya Linux Mint 22 saboda dalilai na zahiri. Fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da ya saba da ita, da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu. An gina ta a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da aiko mata facin tsaro har 2029. Tana tashi da RAM 2GB, ko da yake masu ita sun ce 4GB ya fi daɗin aiki, tana kuma buƙatar aƙalla 20GB a rumbun ajiya. Sannan nauyin fayil ɗinta kusan 3GB ne, alhali na Ubuntu ya kusa 6GB. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin lissafi. Mint tana zuwa da fuska uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Ta ƙarshen ce mafi sauƙin nauyi, ita na ɗauka.

Tambayar da ake yi kafin a taɓa komai

Kafin a kai ga filash, mutum ya zauna da biro da takarda ya rubuta duk abin da yake yi da kwamfutarsa a mako. A nan ake gane ko Linux ta dace da shi.

Duk aikin da ake yi ta burauza ba shi da matsala. Firefox na zuwa a ciki, ana iya ƙara Chrome, kuma shafin Remita ko na banki ko imel ko WhatsApp bai damu da wace babbar manhaja ce ke ƙasa ba. Zoom na da zubinsa na Linux, Teams kuma ana shiga ta burauza. Yayin da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba, 2025 su daina zirga-zirgar fayil na takarda, aikin gwamnati na ƙara komawa burauza, wanda ke rage dogaro da kowace irin babbar manhaja.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardun Word da Excel. Microsoft Office ba ta hawa Linux kai tsaye, sai dai ta intanet. Madadinta ita ce LibreOffice, wadda ta balle daga OpenOffice a 2010. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma adanawa a tsarinsu. A wasiƙa da rahoto na yau da kullum da wuya a ga bambanci. Amma jadawalin kasafin kuɗi mai ɗauke da umarnin sarrafa kai da aka rubuta musamman domin Excel na iya ƙin aiki, kuma jami'in asusun da rayuwarsa ke cikin irin waɗannan fayiloli ya yi tunani sau biyu. CorelDRAW, Photoshop da AutoCAD ba su da zubin Linux. Haka wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsa da wasu firintoci, manhajarsu ta Windows ce kaɗai.

A jerin Yaya abu ɗaya ne ya tsaya mana a wuya, kuma ba nasa ba ne. 'Yarsa na shirin jarrabawar JAMB, tana kuma gwaji da wata manhajar da ba ta aiki sai a Windows. Shi ya sa muka fasa share Windows gaba ɗaya, muka yanke shawarar su zauna tare a rumbu ɗaya kamar kishiyoyi, kowacce da ɗakinta. Sharaɗin da na gindaya shi ne ba za a riƙa haɗa ɓangaren Windows da intanet ba, kuma ba za a shiga banki daga can ba.

Wani gargaɗi da ya shafi masu karanta wannan jarida kai tsaye: duk abin da ake faɗa a nan game da kwamfutar da mutum ya saya da kuɗinsa ne. Wadda ke kan teburin ofis a Sakatariyar Tarayya, ko wadda aka ba hadimin wani babba ya riƙe, dukiyar gwamnati ce mai lamba a rajista. Share babbar manhajarta ba tare da rubutaccen izinin sashen fasahar sadarwa ba na iya jawo takardar tuhuma, ballantana idan wasu bayanai suka salwanta. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Wanda ke ganin ofishinsa ya kamata ya sauya, hanyarsa ita ce ya rubuta wa shugabanninsa shawara.

Yadda aikin ya gudana

Mataki na farko shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ne ke raba mutum da kuka. Mun kwashe duk takardu da hotuna zuwa wani rumbu na waje, muka buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfutar domin mu tabbata sun kwafu da gaske. Mun rubuta kalmomin sirrin da burauza ta daɗe tana tuna masa, waɗanda shi kansa ya manta da rabinsu. Wanda rumbunsa ke kulle da BitLocker ya nemo makullin ceto mai lamba 48 ya ajiye a takarda, domin taɓa saitin tashin kwamfuta na iya sa Windows ta nemi wannan lamba, kuma idan babu ita, babu shiga.

Fayil ɗin manhajar na sauke shi tun daga Abuja, daga shafin masu ita. Kada a karɓi kwafi daga hannun wanda ba a sani ba. Ko shafin asali ma ana tantance abin da aka sauko daga gare shi, ta hanyar gwada wata doguwar lambar shaida mai suna SHA256 da wadda aka wallafa. Wannan ba tsoro ne na banza ba: a watan Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi na tsawon kusan yini guda. Gwajin bai fi minti biyu ba.

Daga nan sai a rubuta fayil ɗin a filash mai 8GB da wata ƙaramar manhaja irin Rufus ko balenaEtcher. Wannan rubutu na share duk abin da ke cikin filash ɗin. A kashe kwamfuta, a soka filash, a kunna ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda galibi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP.

Abin da ya fi burge Yaya shi ne abin da ya biyo baya. Linux ta tashi cikakkiya daga filash ba tare da ta taɓa komai a rumbunsa ba. Wannan dama ce ta ɗanɗano kafin saye, kuma bai kamata a yi gaggawar wuce ta ba. A gwada sauti, kyamara, allon rubutu, firinta, a buɗe ainihin takardun ofis a ga yadda suka fito. A nan muka gano matsala biyu. Wi-Fi ya ƙi bayyana sam, domin na'urarsa na buƙatar wata manhajar tuƙi da ba ta zo a ciki ba. Maganin shi ne haɗa waya da kwamfutar ta igiyar caji a ba ta intanet daga wayar, sannan a buɗe sashen kula da manhajojin tuƙi, wanda ya gano abin da ya ɓata da kansa. Ta biyu kuma, wata takardarsa mai shafi biyu ta koma uku, layin sa hannu ya gangara shi kaɗai zuwa sabon shafi. Ga mai aikin gyaran rubutu irina, wannan ciwon ido ne. Dalilin shi ne an rubuta ta da salon harafin Calibri, wanda mallakar Microsoft ne. Akwai madadinsa na kyauta mai suna Carlito da aka ƙera daidai da faɗinsa, kamar yadda Liberation Serif ke tsaya wa Times New Roman. Da aka saka shi takardar ta koma shafi biyu. Duk da haka na shawarce shi ya riƙa mayar da duk takardar da zai aika wa na gaba da shi zuwa PDF, domin ita ba ta sauya kama a hanya.

Ɗorawar kanta gajeriya ce. Manhajar na tambayar harshe, tsarin allon rubutu da yankin lokaci, inda ake zaɓar Legas. Sai babbar tambaya: a share rumbun gaba ɗaya, ko a zauna gefen Windows? Nan ne kaɗai wurin da kuskure ba ya gyaruwa, don haka a karanta sau biyu kafin a danna. Wanda zai bar Windows ya riga ya kashe tsarinta na saurin tashi, domin yana barin rumbu a wani hali na rabin barci. Wanda kuma zai share komai yana da damar kulle rumbun baki ɗaya da kalmar sirri, abin da ya dace da duk hadimin da ke yawo da takardun maigidansa a jaka, muddin ya san cewa idan ya manta kalmar babu wanda zai iya buɗe masa. Da yake batirin Yaya ba ya riƙe caji, sai da muka tayar da janareta kafin mu danna maɓallin ƙarshe, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake raba rumbu na iya lalata ɓangarorin biyu. Ba a cika rabin awa ba aka gama.

Bayan tashi na farko akwai 'yan ayyuka: sauke facin da ya taru, kunna katangar tsaro, da kunna Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin domin a koma baya idan wani sabuntawa ya kawo cikas. Na kuma ƙara masa allon rubutu na Hausa, wanda ke cikin jerin da ke zuwa da manhajar, domin ya samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba.

Abin da kyauta ba ta ɗauke wa mutum

Gwamnatoci sun gwada wannan hanya, sakamakon kuma bai zo iri ɗaya ba. Rundunar jandarmomin Faransa ta mayar da dubun dubatar kwamfutocinta kan wani zubi na Ubuntu, tana kuma kai har yau. A Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux, tana mai kafa hujja da ikon mallakar bayananta. Amma birnin Munich, wanda ya yanke irin wannan shawara tun 2003 ya kuma sauya kwamfutoci kusan 15,000, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017, bayan ƙorafe-ƙorafe kan musayar takardu da sauran hukumomi da kuma sauyin shugabanci. A nan gida, ƙananan kwamfutocin XO da aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja a 2007 da Linux suke aiki, shirin kuma bai bazu zuwa sauran makarantun ƙasar ba. A fahimtata, abin da ke kayar da irin waɗannan yunƙuri ya fi karkata ga rashin horo da rashin mai gyara a kusa fiye da ita kanta manhajar.

Wannan ne ma ya fi damuna game da Lafiya. Mafi yawan masu gyaran kwamfuta da Windows suka koyi sana'a, kuma maganin da suka fi saurin kawowa shi ne a share a sake ɗorawa. Wanda ya kai musu kwamfuta mai Linux na iya karɓo ta da Windows ɗin sata, takardunsa kuma sun tafi. Inda ya fi dacewa a nemi taimako shi ne wajen ɗalibai da malaman kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai I. Ya kamata mutum ya san wanda zai kira kafin ya fara, ya kuma guji kwafo umarni daga intanet yana zubawa a baƙin allo ba tare da ya san abin da zai aikata ba. Linux ba ta da yawan ƙwayoyin cutar da ke addabar Windows, amma ba ta hana mutum miƙa lambar sirrinsa ga shafin banki na bogi.

Makon farko Yaya ya kira ni sau huɗu. Biyu a kan inda aka ɓoye wani maɓalli a LibreOffice, ɗaya a kan firintar ofis da ta ƙi amsawa sai da aka sake haɗa ta, ɗaya kuma domin agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da 'yarsa ta shiga ɓangarenta, matsalar da ke faruwa saboda manhajojin biyu ba sa lissafin lokaci iri ɗaya, kuma umarni guda ke gyara ta. A mako na uku bai kira ba. Da na neme shi, sai ya ce wani abokin aikinsa na tambaya ko filash ɗin nan yana nan, na ce yana cikin aljihun tebur ɗinsa inda na bari, amma ya fara tambayar mutumin ko kwamfutar tasa ce ko ta gwamnati.